Allurar da Na Hana Ummanku

Magajiya, Suleja.

Ɗana Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka Safiya. Allah ya sa kun sauka Katsina lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya sanya albarka a aikin da ka samu, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka san kowa ba.

Na rubuta ta ne a shago, ina jin ku a cikin gida kuna ɗaure kaya. Na ba yayarka ta unguwar Bagama, na ce ta cusa maka a jaka, kada ta gaya maka sai mota ta tashi. Ka san ni, baki gare ni a majalisa, amma maganar da ta shafi ciki ba na iya furta ta ido da ido. Tun rasuwar Ummanku muke gaisawa da safe, mu ci tuwo a kwano ɗaya, mu tafi masallaci tare, amma ba mu taɓa zama mun yi maganar yadda ta rasu ba. Kai ba ka tambaya ba, don kana da kunya. Ni ban faɗa ba, don ba ni da fuskar faɗa. Yanzu za ka zama mai gida a garin da babu ni, maganarka za ta zama doka a kan 'yar mutane. Ba ni da gona ko gida da zan ba ka ka tafi da shi. Abin da nake da shi kurakuraina ne, to gara ka tafi da su ka san inda ramukan suke.

Lokacin da aka fara maganar korona, ni ne kan gaba wajen ƙaryata ta a layinmu. Ka san bencin ƙofar shagona ba ya rabuwa da mutane. Ina taka keken ɗinki ina magana, ana sauraro. Na ce cutar manya ce, ta masu hawa jirgi, mu talakawa rana ta ishe mu magani. Na ce hanyar cin kuɗi ce kawai aka buɗe. Kuma ba zan ce maka babu dalilin da ya sa muka ƙi yarda ba. An kulle mu a gida da yunwa, an rufe kasuwa, an hana masu zuwa Abuja neman abinci fita, muna jin ana cewa an ware kayan tallafi amma ko ƙwayar shinkafa ba ta zo ƙofarmu ba. Wanda bai taɓa tambayar ka ko ka ci abinci ba, ranar da ya zo yana cewa ya damu da lafiyarka, dole ka dube shi sau biyu. Sai dai ni na wuce nan. Na ɗauki haushin da nake ji na mai da shi ilimi.

Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne, a daidai wannan lokacin ina tattara ƙyallayen atamfa da suka rage ina ɗinka takunkumin fuska ina sayarwa. Mutum zai zo ya saya, in miƙa masa, in ce: "Ka sa saboda jami'an hanya, amma babu wata cuta." Hannuna yana ɗinka kariya, bakina yana warware ta.

Sai wayar nan. Kullum da safe in na buɗe, saƙonnin murya sun cika ta. Wani ya ce shi likita ne a ƙasar waje, wani ya ce ɗan'uwansa yana aiki a inda ake haɗa maganin. Ba su faɗi sunansu ba, ban ga fuskarsu ba, amma da yake abin da nake son ji suke faɗa, sai in tura wa duk wanda ke cikin wayata, har in ƙara da nawa: "Jama'a a yi hattara." Da wani zai kawo mini yadi ya ce in yanka ba tare da na gwada shi ba, da na kore shi. Amma magana a kan rayukan mutane, na yanka ta ban auna ba.

Habibu, duk maganar da ta shigo wayarka, kafin ka tura ta ka tambayi kanka: wa ya faɗa, a ina ya sani, kuma in ƙarya ce wa za ta kashe? In ka ji magana ta yi maka daɗi ƙwarai, ta yi daidai da haushin da kake ji, to ita ce za ka fi tuhuma. Kuma "ban sani ba" ba ta rage wa namiji komai. Ni na kai shekarun furfura ban iya faɗinta ba.

Da allurar rigakafi ta iso, Ummanku tana zuwa asibiti duba ciwon suganta. Can aka gaya mata masu irin lalurarta su ne cutar ta fi kayarwa, su ya kamata su fara karɓa. Ta dawo ta gaya mini, na yi kamar ban ji ba. Wata safiya sai ga Malama Rifkatu, maƙwabciyarmu malamar firamare, 'yar kudancin Kaduna da suke haya a gidan da ke jikin namu. Ka san yadda suke da Ummanku, da Sallah a kai musu nama, da Kirsimeti su kawo mana shinkafa. Ta yi sallama ta ce: "Maman Habibu, ki shirya mu je tare, an ce yau babu layi sosai."

Ummanku ta shiga ɗaki ta sa hijabinta, ta fito ta tsaya a bakin ƙofar shago ta ce: "Malam, zan bi Malama mu je a yi mana allurar nan."

Na ce: "Wace allura? Ba ki ji abin da ake faɗa ba? An ce tana hana haihuwa. An ce cokali yana mannewa a inda aka yi ta. An ce duk wanda aka yi wa ba zai daɗe ba."

Ta yi murmushi ta ce: "Malam, ni da na rufe haihuwa tun Habibu yana firamare, wace haihuwar za a hana ni?"

Mutanen da ke kan benci suka yi dariya. Dariyar nan ce ta kashe maganar. Da mu biyu ne, wataƙila da na yi gunaguni na ce ta je. Amma a gaban mutanen da na kwashe watanni ina yi wa wa'azin babu cuta, a ce matata ce ta fara miƙa hannu? Na ajiye almakashi na ce: "Ban yarda ba. In kin fita, ba da izinina ba."

Malama Rifkatu ta ce: "Baban Habibu, ka yi haƙuri, tana da suga fa."

Na ce mata: "Malama, ki kula da gidanki, in kula da nawa."

Ummanku ta juya. Ta koma ciki, na hango ta ta labule tana cire hijabin, ta ninke shi ta ajiye a kan gado, ta ɗauki tsintsiya. Daga ranar na daina amsa gaisuwar Malama Rifkatu da mijinta yadda ya kamata.

Kai ma ka kira ni daga Bida, kana makaranta a lokacin. Ka ce: "Baba, don Allah ka bar Umma ta je. Mu an yi mana a nan, ga ni lafiya lau." Ka tuna amsar da na ba ka. Na ce bokon da nake biya maka ne ya fara gaya maka ka fi ni sani, na kashe wayar.

Ka saurare ni a nan da kyau, don wannan ce ta fi kowace nauyi. Izinin da Allah ya ba miji amana ce, ba sanda ba ce. Safiya za ta nemi izininka a kan abubuwa da yawa, kuma da yake 'yar mutunci ce, in ka ce a'a za ta zauna, kamar yadda Ummanku ta zauna. Mace mai biyayya ita ce mijinta ya fi kamata ya ji tsoron Allah a kanta, domin ba za ta yi masa gardamar da za ta cece shi daga kansa ba. In maganar lafiyarta ce, jikinta ne, ita ke jin abin da take ji. Kada ka taɓa yanke hukunci a kanta don gudun kada maza su yi maka dariya. Waɗanda suka yi dariyar nan, ba ɗayansu da ya riƙe mini ita ranar da take neman numfashi.

Ciwon ya zo mata ne da damina, kamar wasa. Zazzaɓi, ciwon jiki, ɗan tari. Na ce sauro ne, na je kemis na karɓo maganin zazzaɓi. Wata rana tana zaune a gindin murhu miyar kuka ta kama har ta ƙone, hayaƙi ya iso shago, ita ba ta ji ƙauri ba. Ta ce: "Malam, hancina ya daina jin komai. Abinci ma kamar ina tauna auduga." Na taɓa ji a rediyo ana faɗin wannan alama. Na sani a ranar. Ina so ka san cewa na sani. Amma maimakon in kai ta asibiti, sai na tafi kasuwa na sayo tazargade da citta da tafarnuwa da lemun tsami, na tsinko ganyen darbejiya, aka dafa, na lulluɓe ta da bargo ta yi sirace. Tsoro biyu ne suka riƙe ni. An ce duk wanda aka kai da tari killace shi ake yi, in ya mutu ba a ba da gawa. Na biyun kuwa, wanda ban faɗa wa kowa ba, kada a ce korona ta shiga gidan mutumin da ya ce babu korona.

Yayarka ta kira, na ce zazzaɓi ne, kada ta zo da yara. Kai ka kira, na ce ta sha magani tana barci. Ta koma yin salla a zaune. Daga ɗaki zuwa bayi sai ta tsaya ta dafa bango. Duk da haka ina cewa gobe za ta ji sauƙi.

Ɗana, ciwo ba ya jin kunyar kowa, kai ma kada ka ji kunyarsa. In jiki ya yi abin da ba ka saba gani ba, musamman numfashi, ka tafi wurin waɗanda suka karanci abin tun ƙafa tana iya takawa. Ban ce ka raina maganin gargajiya ba, da shi aka raine mu. Amma ka san iyakarsa. Kuma kada ka ɓoye wa 'ya'ya ciwon uwarsu da sunan kada hankalinsu ya tashi. Ba hankalinku na kare ba, kaina na kare.

Malama Rifkatu ce ta shigo wata safiya ba tare da ta jira na ce ta shigo ba, da takunkumi a fuska. Ta katanga take jin tarin. Ta tsaya a bakin ɗaki ta saurari numfashin Ummanku, ta juyo ta ce: "Baban Habibu, ka zage ni in kana so, amma wannan ba zazzaɓin sauro ba ne. Maigidana yana fito da mota." Mijin nata, Mista Danjuma, ya fasa zuwa aiki ranar. Mutumin da na daina yi wa gaisuwar kirki, shi ya kama mini ita muka sa a kujerar baya.

Asibitin farko da muka je, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Benci cike, baranda cike, wasu a kan tabarma a gindin mangwaro, 'yan'uwansu suna yi musu fifita da kwali. Ko ina tari. Da ƙyar wata nas ta fito wurin motar. Yarinya ce, ba za ta girme ka ba, takunkumi ya yi mata shaida a kan hanci har ya fara yanka fata, idanunta jajir. Ta maƙala wa Ummanku wani ɗan abu a yatsa, ta duba. Ta ce iska take buƙata yanzu-yanzu, amma babu gado, kuma tukwanen iskar da suke da su duk suna hancin mutane.

Na ɗaga murya. Na ce ba su da imani, na ce da wani babba ne ya zo da an samo gado. Ta bar ni na gama, sannan ta ce: "Baba, tun jiya ban zauna ba. Zo in shiga da kai ka nuna mini wanda zan cire wa in sa mata."

Ta sunkuya ta taga ta tambaya: "Mama, an yi miki rigakafi?"

Ina tsaye a wurin, Malama Rifkatu tana zaune kusa da ita, duk mun san amsar. Kafin in buɗe baki, Ummanku ta tattara ɗan numfashin da ya rage mata ta ce: "Ban samu zuwa ba, 'yata."

Ban samu zuwa ba. Ko a wannan halin asirina take rufawa.

Daga nan muka kama hanyar Abuja. Wani asibitin tun a bakin ƙofa mai gadi ya ce an cika, likita ya fito ya tabbatar, yana ba mu haƙuri kamar shi ya yi laifin. Wani na kuɗi suka ce ba sa karɓar masu matsalar numfashi. Rana ta take, muna ta yawo, Mista Danjuma yana tuƙi yana kiran duk wanda ya sani. Can wani abokin aikinsa ya ce a gwada Minna, ya ji ana samun gado. Muka juyo.

A mararrabar Diko muka tarar da cunkoso, manyan motoci sun toshe hanya, masu doya da masu rake suna ta kai wa da komowa a jikin tagogi. Kun bi ta wurin a hanyarku ta Katsina, na san kuma ba ka san nan ne ba, don ban taɓa gaya maka ba. Ina gaba, sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa: "Malam, ka kira Habibu." Na ciro waya na danna lambarka. Kafin ta shiga, Malama Rifkatu ta ce: "Baban Habibu, bar wayar. Zagayo ka laƙƙana mata kalmar shahada." Ita da ba addininta ba, ita ta tuna mini. Na zagaya, na riƙe kanta, ina faɗa leɓunanta suna bi. A kan cinyar maƙwabciyarta ta cika, ana ta hon a bayanmu.

Ka taso daga Bida da ka ji, amma ka iso an riga an dawo daga maƙabarta. Na ga fuskarka lokacin da ka shigo ka tarar da tabarmin zaman makoki. Ka durƙusa ka yi mini ta'aziyya kamar yadda ɗa na gari yake yi. Da ka kama rigata ka tambaye ni me ya sa, da ya fi mini sauƙi. Ni na hana ka ganin mahaifiyarka da rai, kuma wannan ba abin da zan iya mayar maka ba ne.

Daga wannan yini ka ɗauki abu biyu. In ka shiga asibiti ka ga ma'aikaci ya gaji har ya kasa yi maka fara'a, ka tausasa harshe, ba ka san gawa nawa ya rufe wa ido kafin ka zo ba. Har yau ina neman yarinyar nan da ido in na je, in ba ta haƙuri, ban sake ganinta ba. Sannan maƙwabcinka, ko wane yare yake ji, ko ina yake fuskanta in zai yi ibada, ka riƙe shi da kyau. Wanda ya gaya maka gaskiya har ka ji haushinsa, kada ka rufe masa ƙofa.

A zaman makoki kowa cewa yake kwananta ne ya ƙare. Na yarda, babu mai wuce ajalinsa. Kuma ba zan rantse maka cewa da an yi mata allurar da tana nan ba, wannan sanin na Allah ne. Amma Allah ya ajiye sababi a ƙofar gidana, matata ta sa hijabi za ta je ta ɗauka, ni na tare hanya. Ƙaddara gaskiya ce, sai dai ba mayafi ba ce da mutum zai lulluɓe sakacinsa da ita. Wani daga cikin 'yan bencina ma cewa ya yi: "Ka gode Allah da ba su karɓe ta ba, da allurar mutuwa za su yi mata." Na dube shi, na ji maganata ce sak take fitowa daga bakinsa. Ni na shuka ta.

Bayan an share makoki na je aka yi mini allurar. Na bi layi, aka goge mini dantse da auduga, aka soka, aka ce in ɗan zauna kafin in tafi. Shi ke nan. Hannu ya yi mini nauyi yini guda, washegari na hau keke na ci gaba da ɗinki. Da na dawo gida ranar na shiga ɗakinta na zauna a bakin gado, na daɗe ban fito ba. Abin da na hana ta ke nan, abin da bai kai sukar allurar ɗinki a yatsa ba.

Na yi ƙoƙarin gyara abin da na ɓata. Na gaya wa 'yan benci na yi kuskure, wasu suka ji, wasu suka ce baƙin ciki ne ya taɓa ni. Wani mutum da nake yi wa ɗinki ya ce mini: "Ai Malam, saƙon da ka turo mini ne ya sa na hana iyalina duka, har rigakafin yara na daina bari a yi." Na roƙe shi ya canza, ya ce ai maganata ta farko ta fi kama hankali. Magana zarar bunu ce. Ban san gida nawa saƙonnin nan suka shiga ba, ban san inda suka tsaya ba.

Yayarka ta raɗa mini cewa Safiya tana da juna biyu. Allah ya raba lafiya. Da kun zauna, ka nemi asibitin da za ta riƙa zuwa awo, ka kai ta da kanka in ka samu sarari. In abin da ke cikin ya iso, duk rigakafin da ake yi wa jarirai a yi masa, kada a tsallake ko ɗaya. Za ka ji maganganu a can kamar yadda ake yi a nan, daga bakin mutanen da kake girmamawa, masu furfura kamar ni. In kana da shakka, ka je ka tambayi likita ido da ido, ka yi ta tambaya har ka gamsu. Kuma in wata rana ni da kaina na kira ka na ce ka yi abin da ka san zai cutar da iyalinka, ka yi mini ladabi, ka ce to Baba, sannan kada ka yi.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka ci halal ko da kaɗan ne. Ka riƙa kiran yayarka, ita ce uwarka yanzu. Ka riƙa kiran Malama Rifkatu da Mista Danjuma kana gaishe su, sun ce in gaya maka suna sa ku a addu'a. Ni kada ka damu da ni, keke yana juyawa, idona yana ganin ramin allura.

Ban rubuta wannan don ka ce ka yafe mini ba. In ka yafe, Allah ya saka maka. In zuciyarka ba ta kai nan ba tukuna, ba zan ga laifinka ba, zan jira.

Allah ya tsare ka a zaune da tafiye, ya tsare iyalinka, ya nisanta ku da annoba da sharrin baki, ya ba ka kunnen jin gaskiya ko daga bakin wanda ka girma. Allah ya yi maka albarka. Duk sallar da ka yi ka roƙa wa Ummanku rahama, Allah ya haskaka kabarinta. In ka gama, ka sa ni a ciki, na fi ta buƙata.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Garba Tela